Ranar da na kusa danna wuta mutane na gindin fal-waya: yanda ta kaya da rikilozar layinmu a Gombe

Abinda zan bada labarinsa ya faru ne a wani layin wuta na 11kV dake bayan garin Gombe, kuma da hannuna aka daura na'urar da ake magana a kanta, wato rikiloza, makullin wuta mai budewa ya rufe da kansa, saboda haka in akwai laifi a ciki toh kaso mai tsoka nawa ne, bazan noke ba. Sunan layin da na kamfani da na mutanen duk zan barsu a aljihu, wanda ya sani ya sani. Ni dai aikina hada allunan kariya na wuta da saita su, a karkashin wani dan kwangila nake, kuma abinda yasa na zauna na rubuta shine yanzu duk wanda ka hadu dashi a wajen aiki maganarsa kenan, wai layin wuta mai wayo, layin dake gyara kansa da kansa, kamar wani kaya ne da za'a sauke daga kwantena a Legas a daura a fal-waya shikenan kowa ya huta. Mu mun daura, ga abinda muka gani.

Wutar da muke sha a Gombe ta babban layin 330kV take zuwa daga Jos, ta sauka a tashar TCN, kamfanin dake dakon wuta a manyan layuka, a rage ta zuwa 132 da 33, daga nan kamfanin rarrabawa ya karba ya kara rage ta zuwa 11kV a kananan tashoshinsa, sai taransifomar unguwa ta maida ita 415 a layi uku, wanda ake yanko guda a shigar maka gida. Layinmu daya ne cikin irin wadannan fida na 11kV. Ya fito daga karamar tasha ya ratsa unguwanni, ya bi ta wajen da injinan casar shinkafa da na matsar man gyada suke, daga nan ya nausa daji ta cikin dogon yaro da mangwaro har wasu kauyuka. Hanya daya ce tal, ba wani layi na biyu da zai tare shi ta baya.

Matsalar kuma tsohuwa ce, duk wanda ya taba zama a karshen layi ya santa. Reshe ya taba waya can cikin daji, bureka, wato makullin dake yanke wuta in an samu matsala, ta fadi a tasha, kowa ya shiga duhu tun daga gidan farko har kauyen karshe. Ma'aikacin tasha zai dan jira ya gwada mayarwa, in ta zauna alhamdulillahi, in ta kara faduwa sai a kira masu layi su hau babur suna bin fal-waya daya bayan daya suna daga kai sama, a bude isoleta, makullin hannu mai raba layi, nan a gwada, a rufe a matsa gaba a kara gwadawa, wani lokacin tun hantsi sai bayan la'asar. Abin takaicin shine a layin sama irin wannan mafi yawan abinda ke fadar da wuta ba mai dorewa bane, reshe ne iska ta kada ya taba ya koma, ko tsuntsu, ko tsawa, ko kurar hunturu da ta kwanta a kan insuleta, wannan tangaran din dake rike waya, raba ta jika ta da asuba wuta ta tsallaka. Da za'a yanke wutar na dakiku kadan a mayar da ta zauna lafiya lau. Amma mai injin da shinkafarsa ke jike tana jiran gumi ba ruwansa da wannan bayanin, shi dai yasan ya kunna janareto ya sha dizal na wuni guda saboda reshen dogon yaro.

Kungiyar masu injinan ne suka gaji suka ce zasu hada kudi. Anan na yaba musu abu daya, basu yi irin ta unguwanni ba da ake karo-karo a sayi taransifoma a mika ba ko takarda. NERC, hukumar dake kula da harkar wutar lantarki, ta sha fada cewa sayen taransifoma da fal-waya ba nauyin mai shan wuta bane, in kuma jama'a zasu zuba kudinsu a layi sai da yarjejeniya a rubuce, toh sun tsaya sai da aka rubuta. Aka sayi rikiloza guda daya ta kan fal-waya da akwatin kwantirolarta, da kananan fitilun nan da ake ratayawa a waya masu kiftawa in wutar matsala ta bi ta wajen, da mita masu aiko da bayani a wasu taransifomomi. A karshen 2023 muka daura ta, gab da inda layin zai shiga daji. Injina uku sabbi sun fada ta bayanta, ba yanda muka iya, nan ne kadai akwai fal-wayar siminti mai kwari kuma sabis din waya na kamawa sosai. Ku rike wadannan injina ukun, zamu dawo kansu.

Ita rikiloza bureka ce mai kwakwalwa. Tana auna karfin wutar dake bi ta kowane layi cikin ukun ba dare ba rana, in taga ya haura abinda aka saita mata sai ta bude kafin kiftawar ido, ta jira kadan, ta rufe da kanta. In matsalar ta wuce shikenan, mutanen bayanta fitila kawai zasu ga ta dauke ta dawo. In tana nan ta kara budewa ta jira fiye da na farko ta sake gwadawa, a karo na uku kuma mu mun saita ta ta bude ta kulle kanta sai mutum yazo. Inda gizo ke saka shine lokaci, dole ta riga burekar tasha budewa, in ba haka ba kudin banza aka kashe, don haka sai da muka zauna da injiniyan kariya na kamfanin muka jera lokutan rilen tasha, na'urar dake bawa bureka umarnin budewa, da namu a takarda daya muka bar tazara tsakani. Akwai kuma wani saiti da nafi damuwa dashi, na waya in ta tsinke ta fadi kasa. A yashin Gombe da rani busasshiyar kasa bata jan wuta sosai, waya zata iya kwanciya a hanya tana da rai kariyar yau da kullum bata ji komai ba, yaro ko saniya su taka. Akwai kariya ta musamman mai jin dan kankanin yoyon wuta zuwa kasa, ita muka kunna, muka kuma hana ta mayarwa in wannan ne ya bude ta, ba gwaji ko daya.

Bangaren sarrafawa daga nesa kuwa modem ne a cikin akwatin da sim guda daya, yana magana da kwamfuta da yaren na'urori da ake kira DNP3, wasu kuma IEC 60870-5-104 suke amfani dashi. Wannan shine dan karamin SCADA dinmu, kana zaune kaga ko a bude take ko a rufe, kaga lodi, kaga bolteji ta gabanta da ta bayanta, kaga tarihin duk abinda ya faru da lokacinsa, kuma in an baka izini ka danna ta bude ko ta rufe. An bawa dakin kula na kamfanin wannan izinin, ni ma an bar min nawa wai na wata uku na gwaji. Wata ukun ya wuce ba wanda ya tuna ya karbe, nima ban tuna musu ba, don gaskiya dadi nake ji ace daga laftof dina nake juya layi.

Bari in dan ratse, don mutane na hada abu biyu. Mitar kati dake gidanka ba ita ce mita mai wayo ba. Lamba 20 kake sa mata da hannu ta kirga ta yanke, bata fadawa kowa komai. Shi yasa da wa'adin 24 ga Nuwamba 2024 ya karato, lokacin da agogon lambobin STS, tsarin da mitar kati ke aiki dashi, ya cika, sai da kowa ya karbo wasu lambobi na musamman ya danna da yatsansa. Mai wayo ita ce mai magana ta amsa, irin wadda kamfanin wuta na Enel ya fara zubawa a Italiya tun 2001 har ya kai kusan miliyan 30. Namu na kan taransifoma irin masu maganar ne, kuma sune suka fara tona asiri.

Watannin farko kam abun sai hamdala. Da hunturu tarihin akwatin ya cika da budewa da rufewar asuba wanda ba wanda ma ya sani, a da kowanne daya wunin duhu ne. Sau biyu ta kulle saboda matsala ta gaske a daji, gari da manyan injina suka cigaba da aikinsu, masu layi kuma maimakon bin layin gaba daya suka tafi kai tsaye inda fitila ke kiftawa. Mitocin taransifoma su kuma suka nuna abinda kowa ya sani amma ba mai fada, a wata taransifomar, cikin layukanta uku, layin ja na dauke da lodi kamar zai mutu shudi kuma na hutawa, saboda duk wanda wutarsa tayi kasa sai ya kira yaro ya hau ya canza masa fes zuwa inda yake ganin tafi karfi, kowa ya taru a waya daya, fiyus na konewa ana daura wayar jan karfe a madadinsa. Ba wata na'ura da zata gyara wannan, sai da aka hau aka sake raba gidajen. Akwai wani dattijo cikin masu layin, tun zamanin NEPA yake hawa fal-waya, kowa Baba yake ce masa. Shi tun ranar farko aljanar fal-waya ya rada mata, yace min yaro na, abinda zai rufe wuta ba hannun mutum a kai ni ban yarda dashi ba. Na dauka tsufa ne kawai.

Sai Afrilun 2024. A farkon watan NERC ta daga kudin wutar Band A zuwa naira 225 kowane yunit, masu alkawarin awa 20 a rana, B awa 16, C 12, D 8, E 4, kowa na ta lissafin awanni, mu ma shugaban kungiya ya fara tambayata ko akwatin zai iya kirga musu awannin da suke samu, nace ai aikinsa ne. Ba'a gama wannan zancen ba, ranar 22 ga wata barayin karfe suka kada hasumiyoyi hudu a layin 330kV na Jos zuwa Gombe. Gombe, Yola, Jalingo, Damaturu, duk aka shiga duhu na makonni, ga zafi kamar ana gasa mutum. Madatsar Dadin Kowa tana nan kusa damu amma megawat 40 ne karfinta ko a takarda, ba zata dauki yanki guda ba. Dan abinda ake samu ana rabawa ne, layinmu kuma ba a sahun gaba yake ba, sai ayi kwanaki ko kyallinta bamu gani ba.

Toh anan ne abun ya fara lalacewa a boye. Akwatin kwantirola daga jikin layin yake cin abinci, ta wata yar karamar taransifoma a gefen tasha, in wuta ta dauke sai ya koma kan batir biyu masu bolt 12, wanda aka yi su don dauke wuta na kwana daya ko biyu, irin na kasashen da suka kera abun. Kuma irin wannan batirin a digiri 25 ake lissafin rayuwarsa, duk karin digiri goma yana cinye kusan rabinta, mu kuma akwatin karfe ne a tsakiyar rana a watan da zafi ke haura 40. Suka zuke tas, suka kara zukewa, har suka daina daukar caji. Datar sim din ma ta kare a tsakanin, don ba'a taba cewa wane ne zai rika sawa ba, ni nasa ta farko daga aljihuna. Naga akwatin ya daina magana, nace ai ba wuta ne, in ta dawo zai tashi. Wannan sakacina ne zalla, a takardar mika aiki na rubuta saiti shafi-shafi amma ko layi daya ban rubuta a kan batir da sim ba.

Da wuta ta dawo sosai a watan Mayu sai layinmu yaki zama. A rufe bureka a tasha ta fadi, a kara ta fadi. Abu biyu ne suka hadu. Na daya, layin da ya dade a mace in ka bashi wuta kowa yana jira ne lokaci daya, firji, famfon rijiyar burtsatse, fanka, cajin inbata, komai an barshi a kunne, ga taransifomomi su ma suna zukar wuta mai yawa a dakikar farko, sai lodin ya zama kamar matsala a idon rile. Na biyu kuma akwai matsalar gaske a daji, iskar farkon damina ta karya wani abu. Rikilozar da ya kamata ta yanke dajin ta bar gari tana nan a rufe kamar gawa, saboda kwantirolar na bukatar dan lokaci kafin ta farka, kafin ta farka burekar tasha ta fadi, wutar da zata farka da ita ta tafi, batir kuma babu. Haka aka yi ta zagaye. Masu layi suka ce ai aljanar ce, suka rufe isoletar da ke tsallake ta, wuta ta kara faduwa duk da haka, sannan aka koma tsohuwar hanya ta babur aka gano wajen. Kwana biyu ina shan zagi a waya, wani dan kungiya har cewa yayi mun sayar musu da akwatin banza. Na sayo batir, nasa data, muka bude isoletar tsallaken, ta dawo aiki, na dauka tsugune ta kare.

Bayan kamar kwana goma aka yi wani hadari da daddare, bishiya ta fado kan layi a daji. Wannan karon tayi aikinta tsaf, budewa uku ta kulle, gari bai ma sani ba. Da safe su Baba suka je suka sare bishiyar, suka bi suka sauke fiyus din taransifomomin bayanta don in an gama a rika mayarwa daya bayan daya, saura wata jamfa, guntuwar wayar dake hada layi da layi, da ta kone a saman fal-waya da za'a hau a canza. Ni duk ban san inda suka kai ba, ina shago a cikin gari. Bayan azahar sai ga kiran wani Alhaji, daya daga cikin masu injina ukun nan. Yace Injiniya ance an cire bishiyar tun safe, dizal nake konawa, don Allah ka danna mana mana, ai ance a hannunka take. Nace Alhaji bari in duba. Wallahi niyyata in danna, na bude laftof, na shiga, ga ta a bude a kulle, ga wajen rufewa yana kallona.

Sabo ne kawai yasa na kalli lambobin kafin in taba. Ta gefen tasha bolteji na nuna wajen 6.3kV tsakanin kowane layi da kasa, daidai kenan a layin 11kV. Ta gefen daji ya kamata inga sifili. Sai naga shima yana da wuta, kusa da na gaban. Farko nace na'urar aunawa ce ta tabu, sai nace ko an manta isoletar tsallake a rufe, amma da haka ne da gefe biyun zasu zama iri daya sak, nan kuwa bugun wutar gefen tasha na kusa da 50 a natse, na gefen daji yana hawa yana sauka abinsa. Wato wata wuta ce daban, wani ne ke turo ta daga baya. Gabana ya fadi. Na kira Baba bai dauka ba, na sake bai dauka ba, na lalubo lambar wani yaro cikin tawagar, ya dauka yana cewa Oga ina gindin fal-waya zan hau ne yanzu, in kira ka anjima. Ban san sanda na daka masa tsawa ba, nace kar ka hau, kar kowa ya taba, layin na da wuta, bani Baba. Ashe Baba ya koma mota dauko wayoyin da ake daure layi da kasa kafin aiki, wayarsa na cikin motar can kasan kujera, yaron kuma ya kosa yana so kafin Baba ya dawo ya riga ya kai sama, tunda ai tun safe suke aiki a layin a mace. Baba ya karba yace yaro na me kake cewa, ai aljanarka a bude take. Nace Baba a bude take amma ku gwada da sanda. Ina rike da wayar naji sandar gwajin ta fara kuka. Aka yi shiru, sai salatin Baba kawai nake ji.

Wutar daga gidan injin Alhajin da ya kira ni take fitowa. A makonnin duhun nan ya sayi babban janareto, canjin-layinsa na da, wato makullin dake raba wutar janareto da ta layi, ya kone, wani mai wayarin ya hada masa kai tsaye yace kafin a tada inji a rika sauke babbar bureka da hannu. Ranar yaron dake kula da injin ya manta. Taransifoma kuwa bata san gaba da baya ba, ka bata 11,000 ta baka 415, ka bata 415 ta baya ta haifar maka da 11,000 a kan layi. A ranar da aka saba da janareton ya shake ya mutu saboda lodin kauyuka zai hau kansa, amma su Baba sun riga sun sauke fiyus din sauran, tasa ce kadai basu sauke ba don tana cikin katanga get a kulle, sai janareton ya rike layin ba wahala. Da na danna kuma da wutar kasa ta hadu da ta janareton ba a daidai ba, da shi kansa injin da yake tattalin dizal dinsa ya tashi aiki, banda yaron da ke shirin hawa. Akwai saitin dake hana rikiloza rufewa in taga wuta ta bayanta, yana cikin akwatin tun daga kamfani, ban kunna ba saboda a kaina layi mai hanya daya bashi da wuta ta baya.

Zaman da aka yi bayan nan yayi zafi, Alhaji ya fara da kare kansa daga baya yayi sanyi da Baba ya nuna masa yaron yace dan wani ne wannan. Nima na fadi nawa a gaban kowa. Su masu layin sun dauki kullewar rikiloza a matsayin an raba layi, basu juya makullin akwatin zuwa sarrafawa ta kusa ba, basu ja hannun nan mai ruwan dorawa dake jikin rikilozar ba wanda in aka ja shi ko daga ina ka danna bazata rufe ba, kuma ba laifinsu bane sosai, horon da na basu na awa daya ne a tsaye a rana da littafin turanci a hannu. Muka sake shi da Hausa, kowa ya ja hannun da sandarsa ya gani. Aka karbe min izinin rufewa, yanzu kallo kawai nake iya yi, mai rufewa mutum daya ne a dakin kula kuma sai wanda ya karbi takardar izinin aiki ya maido da ita da bakinsa da sunansa, sakon murya na WhatsApp cewa an gama baya cikin lissafi. Aka bi duk injinan aka duba canjin-layinsu, aka samu wasu biyu da irin wannan hadin. Na kunna saitin hana rufewa kan wuta, na kunna na lodin layin da ya dade a mace wanda ke dan daga mata kafa na mintunan farko, muka daura karamin faifan sola da rumfar kwano a kan akwatin, sim ya zama biyu na kamfani daban-daban, kudin data da na canjin batir aka sa a cikin kudin wata na kungiya.

Kalmar sirrin modem din ma a ranar na gano har lokacin wadda aka turo shi da ita ce daga masana'anta. Wanda yake ganin wannan wasa ne ya tuna Yukren, 23 ga Disamba 2015, masu kutse suka shiga kwamfutocin kamfanonin rarraba wuta suka rika bude bureka daga nesa ma'aikata na kallon allo, kusan masu shan wuta 225,000 suka shiga duhu, kuma da hannu aka je tasha-tasha aka mayar. Ba wai ina cewa wani zai zauna a Turai ya nemi layin shinkafar Gombe ba, tsohon ma'aikacin da aka kora da laftof a hannunsa ya isa.

Jarrabawar gyaran tazo a Oktoban 2024, da layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala alhali na Shiroro zuwa Mando dama yana kwance saboda barna, arewa kusan gaba daya tayi sama da mako a duhu. Wannan karon akwatin bai yi shiru ba ko na awa daya, kullum ina ganin batir ya cika da hasken rana. Da wuta ta dawo dakin kula ya bude ta tukuna, aka bawa gari, aka bari lodi ya lafa, sannan aka rufe wa daji, ta zauna a gwajin farko.

Har yanzu in naji ana cewa layinmu ya zama mai gyara kansa sai in gyara wa mutum zance. Mai gyara kansa shine wanda in matsala ta faru a tsakiya, makullai biyu su ware wajen, na uku ya rufe ya jawo wa mutanen baya wuta daga wani fida daban, duk cikin abinda bai kai minti ba, irin abinda garin Catanuga a jihar Tenesi ta Amurka yayi da makullai sama da 1,000. Wannan na bukatar layi na biyu, kuma layin na biyun ya zama yana da rarar da zai dauki lodin makwabcinsa, mu kuwa fidan dake kusa damu shi kansa da kyar yake numfashi da yamma. Kauyukan bayan rikiloza in bishiya ta fadi har gobe jiran babur suke, abinda ya ragu musu shine neman wajen. Kuma akwatin baya haifar da wuta, awannin da ya kirga wa kungiya sun kai su ofis a takarda, ana ta magana, ban ga ta kare ba.

Kungiyar na zancen sayen ta biyu a daura kafin injinan, ni nace su fara biyan bashin data na wata biyu da ma'aji ke cewa ba'a tara ba. Baba kuwa ya sayi kwado da kudinsa ya garkame akwatin, makullin na cikin zoben makullan babur dinsa, ko ni in zan duba batir sai na kira shi ya zo ya bude ya tsaya a kaina har in gama.